Auna Fahimtar Ɗalibai a Darasin Zane da Ƙira: Tsokaci daga Jos

Tun da aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a shekarar 1982, aka mayar da gwaji na kai-a-kai ginshiƙin auna fahimtar ɗalibi, domin kada makomar yaro ta rataya ga jarrabawar yini ɗaya. Manufar ba ta da aibi. Sai dai a darasin zane da ƙira, sau da yawa abin da ake aunawa ba shi ne abin da darasin ya ƙunsa ba. Akan tambayi ɗalibi ma'anar launi, ko ya lissafa kayan aikin maginiyar tukwane, ya amsa a rubuce da Ingilishi, a ba shi maki. Wanda bai taɓa kwaɓa yumɓu ba yana iya zuwa na ɗaya. Manhajar ilimin bai-ɗaya da aka fara aiki da ita a 2008 ta haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda, lamarin da, a ganinmu, ya ƙara tura malami ga tambayoyin takarda, don su ne masu saurin dubawa.

A Jos wannan giɓi ya fi ciwo. Gidan adana kayan tarihi da Bernard Fagg ya kafa, wanda aka buɗe a 1952, yana ɗauke da mutum-mutumin Nok na gasasshen yumɓu, waɗanda aikin haƙar kuza ya tono, ga kuma tarin tukwane daga sassan Nijeriya. Ɗalibin da ya tsaya gaban kan Nok, ya lura da hudar ƙwayar idonsa, ya dawo aji ya gwada ginawa, ginin ya tsage wajen bushewa, ya sake da bango mai kauri daidai, haƙiƙa ya koyi abu. Amma a takardar sakamako babu gurbin wannan tsagewa, balle gyaranta.

Don haka muke ganin a tanadar wa kowane ɗalibi jakar ajiyar ayyukansa, tun daga zanen gwaji har zuwa kammalallen aiki, a raba maki tsakanin lura da sarrafa kayan aiki da gyaran kuskure. A kuma bar shi ya bayyana aikinsa da baki, da Hausa ko Birom ko harshen da ya fi iyawa, tunda ba Ingilishinsa ake aunawa ba.

Malamai za su ce aji ya cika, kuma babu wurin ajiya. Gaskiya ne. To, ko ayyuka uku a zango, waɗanda malami ya rubuta kwanan wata da gajeren bayani a bayan kowanne, sun isa a fara da su.