Waƙa a Fim ɗin Hausa da Ma'aunin Masu Zaɓen Gwarzon Shekara

A ƙarshen kowace shekara jaridu da gidajen rediyo da shafukan intanet sukan fitar da jerin fina-finan Hausa da suka yi fice, kuma duk wanda ya bibiyi irin wannan jeri a 'yan shekarun nan zai lura da wani ma'auni da masu sharhi suke aiki da shi ba tare da sun tsaya sun kare shi ba, wato ɗaukar rashin waƙa a matsayin shaidar cewa fim ya kai munzali. Wanda ya zo babu waƙa sai a yabe shi da cewa ya tsaya a kan labari, wanda kuma ya zo da waƙoƙi uku ko huɗu sai a ce labarinsa ya yi ma'ana amma waƙoƙin sun rage masa daraja. Wannan hukunci ya ƙara ƙarfi tun da Nijeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele gasar Oscar ta 2021, ta kuma tura Mai Martaba na Prince Daniel gasar 2025, dukkansu da Hausa a bakin 'yan wasansu kuma babu wanda aka gina a kan waƙar soyayya, har wasu suka yanke cewa hanyar da ta rage wa Kannywood ita ce ta yi watsi da waƙa gaba ɗaya. Ma'aunin nan gurgu ne, domin waƙa ita ce dabarar da fim ɗin Hausa ya fi gwanancewa a kanta, kuma da ita yake warware wata matsalar ba da labari wadda fina-finan Amurka ba sa fuskanta.

Tarihin abin ba mai tsawo ba ne. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma Kwarorin da ke riƙe da gidajen sinima suka fara shigo da fina-finan Indiya, waɗanda suka samu karɓuwar da ta sa har yau dattawa suke tuna Mother India na 1957. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, a 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood, kuma a daidai wannan zamani Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa guda tana iya sayar da fim. An yi kiɗansa da fiyano, wato na'urar nan ta Yamaha mai kwaikwayon sautin sarewa da ganga da sauran kayan kiɗa, wadda daga lokacin ta zama jigon kowane ɗakin ɗaukar waƙa a Kano. A 2001 gwamnatin jihar ta kafa hukumar tace fina-finai, kuma waƙa da rawa suna cikin abubuwan da aka fi kai ruwa rana a kansu tun daga farkon aikinta.

Zargin da aka fi maimaitawa shi ne cewa duk abin kwaikwayon Indiya ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin fina-finan Hausa da dama da suka ɗauko labari ko karin waƙa kai tsaye daga na Indiya. Sai dai zargin ya bar tambaya mafi muhimmanci ba amsa. Gidajen sinimar da suka nuna fim ɗin Indiya su ne suka nuna na kaboyi da na Sin masu faɗan kunfu, kuma samarin Fagge da Sabon Gari sun cika su a daren kowanne, amma da Bahaushe ya ɗauki kyamara bai kafa sana'arsa a kan harbi ko tsalle-tsallen faɗa ba, waƙa ya riƙe. Al'umma takan ari abin da ta riga ta tanadar wa gurbi, kuma gurbin waƙa a cikin labari daɗaɗɗe ne a adabin bakan Hausa. Mai tatsuniya takan bar zube ta koma rerawa daidai inda labari ya yi tsanani, inda marainiya za ta faɗi zaluncin da aka yi mata ko inda asiri zai tonu. A tatsuniyar Daskin-da-Riɗi saurayi ya ɓoye sunansa ya ce sai wadda ta faɗe shi zai aura, 'yan mata suna zuwa ƙofarsa ɗaya bayan ɗaya kowace ta rera, shi kuma yana mayar da amsa daga ciki da rerawa, har aka zo kan wadda aka raina. Wannan musayar waƙa ce tsakanin namiji da mace a kan batun aure, kuma kakanni suna yin ta a dandalin hira tun kafin a kafa majigi a ƙasar Hausa. Haka nan matar aure a bakin turmi takan zuba habaici, wato maganar da ake jefawa ba tare da kama suna ba, ga kishiya ko uwar miji a cikin waƙar daka, ta faɗi abin da in da baki ta faɗe shi sai an tara dangi.

A nan ne ainihin aikin waƙa yake, kuma fitowa guda da ta zama ruwan dare a fina-finan soyayya ta isa ta bayyana shi. Uba ya kira 'yarsa gaban mahaifiyarta ya sanar da ita cewa ya ba da ita ga ɗan amininsa. Yarinyar tana durƙushe, kanta a sunkuye, ta ce ta ji ta kuma gode, alhali mai kallo ya san zuciyarta tana wurin wani. Idan marubuci ya sa ta ɗaga kai ta gaya wa mahaifinta wanda take so da irin son da take masa, mai kallo Bahaushe zai daina tausaya mata nan take, domin ta zubar da kunya, ta kuma fita daga sahun 'ya'yan mutunci waɗanda labarin yake so a ji zafin halin da suke ciki. Idan kuma ta yi shiru har ƙarshe, fim ɗin ya rasa abin nunawa. Daraktan Amurka yana da doguwar magana da runguma da sumba, waɗanda al'ada da dokar tacewa suka rufe wa daraktan Kano ƙofarsu. Abin da ya rage masa shi ne ya yanke daga ɗakin uban zuwa waƙa.

Yankewar tana da ƙa'idojinta, waɗanda masu kallo suka haddace ko da ba a taɓa rubuta su ba. Wuri yakan sauya zuwa lambu ko bakin ruwa ko kan dutse, tufafi su sauya, wani lokaci har sau uku a cikin waƙa ɗaya, kuma wannan sauyin da masu sharhi suke yi wa dariya da cewa ba ya faruwa a zahiri shi ne alamar da darakta yake kafawa cewa an fita daga zahiri an shiga zuci. Babu wanda ke cikin gidan da ya ji abin da aka rera. Idan waƙar ta ƙare aka dawo, yarinyar tana nan a durƙushe da tufafinta na farko, mutuncinta bai taɓu ba, amma mai kallo ya riga ya ji komai, don haka kowane sunkuyar da kai da za ta yi daga nan yana da nauyin da ba shi da shi a da. Dabarar tana ba labari damar riƙe abu biyu masu karo da juna a lokaci guda, biyayyar da ake gani da tawayen da ake ji, kuma mafi yawan fina-finan soyayyar Hausa a kan wannan karo suke tsaye.

Zubin waƙar kansa ya fi cancantar a tsaya a kansa. Mafi yawanta ba-ni-in-ba-ka ce, wato namiji ya yi ɗango mace ta mayar da ɗango, sannan amshi, layukan da ake komawa gare su bayan kowane ɗango, ya haɗa su. A zancen zaure kamar yadda fim yake nuna shi saurayi ne mai yawan magana, budurwa tana wasa da gefen mayafi tana ba da amsa a taƙaice, amma a cikin waƙa rabo daidai ake yi, ɗango nasa ɗango nata, kuma a nata kason tana iya tuhumarsa da yaudara, ta gindaya sharaɗi, ta tambaye shi ina zai ajiye ta, ko ta ƙi shi ƙiri-ƙiri. Gwanin marubucin waƙa yakan sa ta amsa da amsa-amon da shi ya fara, wato harafin da layuka suke ƙarewa da shi, ta yadda za ta ɗauki kalmarsa ta ƙarshe ta juya ta ta mayar masa da wata ma'ana, sai musayar ta zama gardama ta gaske wadda ake iya cewa wane ya yi rinjaye. Amshin kuma yana da aiki na biyu wanda ba a cika lura da shi ba. Layukan da aka rera da fara'a a farkon fim a matsayin alkawari sukan dawo bayan rabuwa da sanyin kari, murya ɗaya ba biyu ba, kalmomin ba su canja ba amma sun koma tuhuma ko nadama. Darakta ya samu hanyar auna nisan da labari ya yi ba tare da wani ɗan wasa ya buɗe baki ya yi bayani ba. Fina-finai irin su Mansoor na 2017, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni kuma mawaƙi Umar M. Shareef ya ja ragamarsa tare da Maryam Yahaya, sun shiga zukatan matasa ne ta wannan ƙofa, kuma wanda ya yi sharhinsu ya tsallake waƙoƙin ya tsallake inda aka ajiye rabin labarin.

Ko mamin, wato ɗan wasa ya motsa baki a kan muryar mawaƙin da aka ɗauka a sutudiyo, wanda ake kushewa da cewa ƙarya ce, yana cikin abin da ke sa dabarar ta yi aiki. Mai kallo ya san muryar Nura M. Inuwa ko Nazifi Asnanic ko Fati Nijar da zarar ya ji ta, kamar yadda mai kallon Indiya ya san ta Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi a bakin kowane tauraro, don haka ba a yaudari kowa ba. Abin da rabuwar fuska da murya take yi shi ne ƙara wani labule: yarinyar da ke cikin labari ta faɗi sirrinta, amma da muryar wata, a wurin da ba gidansu ba. Kunya ta samu mafaka sau biyu.

Wannan ba ya nufin kowace waƙa ta cancanci yabo. A zamanin kaset da faifai 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun fi duba tirela, wato gajeren tallan da ake haɗawa daga fim, fiye da labarin kansa, kuma an yi fina-finai masu yawa da aka ɗauki waƙoƙinsu kafin a san inda za a saka su. Irin waɗannan su ne suka ɓata wa dabarar suna, kuma gane su ba wuya: a cire waƙar a kalli fitowar da ke biye, in har an fahimci dalilin da ya sa jaruma ta yanke shawarar da ta yanke to waƙar cikon lokaci ce, in kuma shawarar ta zo babu tushe to waƙar ce take ɗauke da tushen. Aikin mai sharhi ke nan, ya bambance tsakanin biyun, maimakon ya ƙirga waƙoƙi ya rage maki. Batun cuɗanyar maza da mata a wurin rawa kuwa magana ce ta shari'a da tarbiyya wadda malamai suke da ta cewa a kanta, kuma ta shafi rawa da sutura fiye da yadda ta shafi rerawa, don haka bai dace mai sharhin fasaha ya fake da ita ba. Masu cewa duniya ba ta ɗaukar fim mai waƙa da muhimmanci kuma sai su tuna cewa La La Land na 2016 ya lashe Oscar shida, waƙar Naatu Naatu ta fim ɗin RRR na Indiya kuma ta ci kyautar waƙa a 2023.

Zamanin fina-finai masu dogon zango ya ba da damar gwada ra'ayin masu son a bar waƙa. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya Labarina na Aminu Saira da Izzar So a YouTube suka mamaye hirar gidaje, kuma a cikinsu rawar lambu ta ja baya ƙwarai. Inda jigon siyasa ne ko rikicin unguwa, kamar a Kwana Casa'in, ba a yi asarar komai ba, domin 'yan siyasa ba kunyar magana suke ji ba. Inda jigon soyayya ne kuwa abu biyu suke faruwa. Ko dai marubuci ya cusa wa masoya dogayen jawabai na bayyana zuci waɗanda kunne yake jin ba haka Bahaushe yake magana ba, ko kuma waƙar ta dawo ta bayan fage, tana tashi a kan fuskar mai kuka ko mai tuƙa mota cikin tunani. Buƙatar waƙa ba ta gushe ba, kuma abin da ya faru a 2020 ya tabbatar da haka, lokacin da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna taka rawar waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker a gaban mazajensu, har abin ya zama muhawara a Arewa. Sai dai waƙar bayan fage murya ɗaya ce, galibi ta namiji, tana bayyana halin da ake ciki daga waje kamar mai ba da labari. Ba ta da ɗangon mayarwa, don haka kason da mace take da shi a tsohon zubi, inda take tuhuma da gindaya sharaɗi da ƙi, shi ne ya fara salwanta a fina-finan da jerin ƙarshen shekara suke sakawa a sama.