Su a Ruwan Tiga: Dabarun Masunta Daga Bazara Zuwa Damina

Sana'ar su a kudancin Kano ta sake kama cikin shekaru hamsin da suka wuce, kuma ruwan ne ya sake ta. Kogin Kano, wanda yake gangarowa daga tsaunukan kudu ya ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada, a da kogin damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watan Agusta, da rani kuma ya ja baya ya bar yashi da 'yan gurabun ruwa nan da can. Masuncin wancan zamani jira yake ruwa ya janye, kifi ya matsu a gurbi, sannan a yi gayya a faɗa masa da koma da gora. Da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Bagauda, ta kuma gina ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, sai aka wayi gari da ruwan da ba ya ƙafewa. Tafkin Tiga, a yadda aka tsara shi, ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, bangon da ya tare shi kuma ya kusan kilomita 6 a tsawo. An yi shi ne domin noman rani a Kadawa da Kura da kuma ruwan shan birnin Kano, amma ya haifar da wani irin su da mutanen Bebeji da Kiru da Rano da Tudun Wada ba su gada ba. Dole aka koyi tuƙa kwalekwale, aka koyi aiki da raga mai tsawo, aka kuma karɓi dabaru daga baƙin masunta da suka saba da manyan ruwaye.

Abu na farko da gwanin masunci yake riƙewa a ransa shi ne cewa kogin bai mutu ba, nutsewa ya yi. Tsohon kwarinsa yana nan a ƙasan tafkin da kwane-kwanensa, haka ma ƙoramun da suke zuba a cikinsa, da duwatsu, da kututturan itatuwan da ruwa ya ci. Wanda ya kalli tafkin daga gaɓa shimfiɗa ɗaya yake gani. Kifi kuwa hanyoyi yake gani, kuma su yake bi. Saboda haka masunta suke auna wuri da alamun tudu: a daidaita wancan dutse da waccan kuka, inda layin ya haɗu nan ne bakin kwari. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba, yaro yana ɗaukarsa ne a bayan jirgi yana riƙe da filafili, kuma ba kowa ake faɗa wa ba.

Kifayen da aka fi nema sun kasu ta fuskar ɗabi'a. Karfasa mai son gefe ce, tana kiwo a kan gansakuka da ƙananan halittun ruwa, kuma da rana take harkarta. Ragon ruwa mafarauci ne na ƙasan ruwa, yana kwana a inuwar duwatsu da rana, ya fito da almuru yana lalube da gashin bakinsa. Tarwaɗa ba ta zaɓen abinci, ba ta kuma tsoron gurɓataccen ruwa. Kurungu, mai ƙaya uku da take soke hannun marar lura, yana bin laka da gindin duwatsu. Kawara kuwa garke take yi a saman ruwa, ita ce abincin manya. Kowace dabara ta su, in aka bi diddiginta, amsa ce ga ɗaya daga waɗannan ɗabi'u a wani lokaci na shekara.

Bazara ita ce jarrabawar masunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Kano yakan haura digiri 40, ana ta sakin ruwa zuwa gonakin rani, tafkin yana ja baya kullum. Mai kallo zai ɗauka cewa da ruwa ya ragu kifi zai yi sauƙin kamu, amma abin ya fi haka wuya. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi: lita ɗaya a digiri 20 takan riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa ba ta wuce 7 da rabi. Ban da haka, rana tana dafa saman ruwa ya yi sauƙi ya tsaya a sama, na ƙasa ya zauna da sanyinsa ba ya gauraya, ruɓaɓɓen ganye da laka su cinye ɗan iskar da ke cikinsa. Sai kifi ya shiga tsaka mai wuya: sama zafi da haske, can ƙasa kuma babu numfashi. Inda yake samun sa'ida shi ne tsakani, a gangaren tsohon kwari, a inuwar dutse, ko a gaɓar da iska take kaɗo igiyar ruwa. Masuncin da ya saki ragarsa har ƙasan wuri mafi zurfi a wannan lokaci yakan ɗago ta wayam, ko ya tarar da ɗan abin da ta kama ya mutu ya fara kumbura. Masana su ba sa kiran sunan iskar shaƙa, cewa suke ruwan ƙasa ya mutu, kuma maganarsu daidai take.

Wannan ne ya sa aikin bazara aikin dare ne. Ana fita bayan la'asar sakaliya a shimfiɗa kalli, wato raga mai tsayuwa a ruwa kamar labule, da abin yawo a igiyar sama da dalma ko ƙananan duwatsu a ta ƙasa. Gwaninta tana cikin yadda ake gitta ta. Ba a jera ta da gaɓa haka kawai, ana sa ta ne ta tare hanyar da ragon ruwa yake bi in ya taso daga zurfi zuwa tudun da ƙananan kifi suke kwana. Tun kafin alfijir ake komawa a ɗage, domin kifin da ya kwana a raga cikin ruwan bazara ba ya jure hantsi. Farin wata ma yana da tasiri. A daren da wata ya haska ruwa, kifi yana ganin raga yana kauce mata, shi ya sa kwanakin duhu suka fi albarka. Bahaushe da ya ce kifi na ganinka mai jar koma, daga bakin ruwa ya ɗauko maganar. Masu kamun kifin wasa a manyan kogunan Amurka da Kanada sun isa ga wannan fahimta ta wata hanyar: kifayensu masu farauta da ido mai gudun haske, a lokacin zafi, a bakin kwari da wayewar gari da faɗuwar rana ake nemansu. Bambancin shi ne su da na'urar auna zurfi suke gano kwarin, masuncin Tiga kuwa da gora mai tsawo da igiya mai dutse.

Ƙugiya tana da nata matsayi a wannan lokaci. Akan ɗaura ƙugiyoyi masu yawa a doguwar igiya, kowace da ɗan zarenta, a sa musu abinci a kwantar da su a gangaren kwari. Ragon ruwa ya fi son ƙaramin kifi mai rai, a soke shi ta baya yadda zai ci gaba da motsi. Tarwaɗa kuwa wari take bi, don haka tana, hanjin kaza, ɗan kwaɗo, har gutsuren sabulu duk suna jawo ta. Akwai kuma mamari, igiya mai ƙugiyoyi a jere kusa da juna ba tare da abinci ba, wadda take kama kifi marar ɓawo ta jiki in ya zo wucewa. Mamari yana kamu, amma yana raunata kifin da ya kuɓuce, yana kuma yayyaga ragar maƙwabci, abin da ya sa ba a rasa husuma a kansa.

Da rana ba a zama haka nan. Mai birgi yakan tsaya a ruwa iya gwiwa ko a goshin kwalekwale, ya tattara ragar a kafaɗa da hannu, ya juya ƙugu ya watsa ta ta buɗe kamar faifai, dalmar bakinta ta ja ta ƙasa ta rufe abin da ke wurin. Mai dabara ba ya jifa a makance. Tun da safe yake zuba jiƙaƙƙiyar dusa a wuri ɗaya ya kafa kara ya yi alama, in karfasa ta taru sai ya dawo a hankali, rana a gabansa domin kada inuwarsa ta riga shi isa. Gura, tarkon da aka ɗauko samfurinsa daga masuntan Mali, shi ma da dusa ake ɗana shi a gefen ciyawa: ƙofofinsa suna barin kifi ya shiga, ba sa barinsa ya fita, kuma yana da falalar ajiye kifi da ransa.

Saukar ruwan sama yana juya komai. A ƙasar Doguwa da Tudun Wada damina takan riga ta birnin Kano sauka, don haka jan ruwa yakan fara shigowa ta kudancin tafkin tun ƙasar arewa ba ta jiƙa sosai ba. Sabon ruwan yana tafe da sanyi da iska da abinci: tsutsotsi, ƙwari, shinge da ya faɗa ruwa bayan ruwan farko. Kifin da ya yi watanni a takure sai ya juyo da kai wajen da ruwan yake fitowa. Masunci ma sai ya bar tsakiyar tafki ya koma bakin ƙoramu. Wurin da ya fi daraja shi ne inda jan ruwa ya haɗu da garau, domin a nan mafarauci yake laɓewa cikin duhun laka yana jiran abin da ruwa ya koro. A gurɓataccen ruwa ido ba ya aiki, sai hanci da gashin baki, don haka kifi ba ya ganin raga ko da rana, abinci mai wari kuma ya fi mai motsi.

A wannan lokaci ne tarwaɗa take yin abin da kowane yaro a ƙauyukan bakin ruwa ya sani. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ta bi ƙorama ta hau cikin ciyawar da ruwa ya malale, wani lokaci inda bai kai idon sawu ba. Tana iya haka ne saboda wata gaɓa da ke cikin kanta wadda take ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. A can take zuba ƙwai masu danƙo a jikin ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Karfasa kuma takan share ɗan rami kamar kasko a yashin gefe, bayan an zuba ƙwai uwa ta kwashe su a baki ta riƙa goyo har 'ya'yan su yi wayo. Mai birgin da ya ɗago irin wannan karfasa yakan ga 'ya'yan suna zubowa daga bakinta a cikin jirgi. Kifi ɗaya ya kama a ido, amma ɗaruruwa ya kashe.

Nan ne dabara take iya zama ɓarna. Sanin da yake kai masunci bakin ƙorama a daren da ya dace shi ne kuma yake ba shi ikon tare ƙoramar gaba ɗaya da raga ko jerin gura, ya kwashe iyaye cikinsu cike da ƙwai. Kasuwa ba ta hana shi, domin kifi mai ƙwai yana da nauyi yana da farin jini. Haka ma jan taru mai ƙananan idanu a gefen tafki, ko ɗinka gidan sauro a mayar da shi raga, yana share ramukan karfasa da 'ya'yan kowane irin kifi. Mafi muni shi ne zuba guba, ko maganin ƙwari na gona ko na gargajiya, wanda ba ya bambance babba da ƙarami, yana kuma bin kifin har tukunyar mai saye. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma sa milimita 76, wato inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'i. Dokar mai kyau ce, amma tafki mai faɗin Tiga ya fi ƙarfin 'yan ma'aikata kaɗan. Wanda ya san wa ya fita daren jiya da irin ragar da ya ɗauka shi ne Sarkin Ruwa da dattawan mashigi, kuma duk tsarin da bai bi ta hannunsu ba a takarda zai tsaya.

Idan damina ta yi tsaka, a Agusta zuwa farkon Satumba, tafkin yakan cika ya shiga ciyayi da gonakin gefe. Kifi ya warwatsu, abinci ya wadace shi, kamu ya ragu. Guguwa tana tashi ba sallama, ƙaramin kwalekwalen katako kuma ba ya jure igiyar ruwan tsakiya, itacen da ambaliya ta kwaso daga Falgore yana tafiya da raga. Yawancin masuntan yankin manoma ne, sai su karkata ga masara da shinkafa da rake, su bar gura da 'yan ƙugiyoyi a gefe don miyar gida. Mutanen wannan yanki ba sa wasa da ruwan Agusta, domin a watan ne na shekarar 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi ɓarna mai yawa. Ɗan abin da aka kama kuma sai an gaggauta sayar da shi ɗanye ko a yi bandarsa, saboda laima ba ta barin kifi ya bushe, aikin da galibi mata ne suke riƙe da shi.

Wannan hutu na dole shi ne yake ceton 'ya'yan kifin da suka tsira, su girma a cikin ciyawa kafin ruwa ya fara ja da kaka. Amma yana zuwa a makare ga iyayen da aka riga aka tare a Yuni da Yuli. Abin da ruwan Tiga yake buƙata bai fi ƙarfin masuntansa ba: sarakunan ruwa na kowane mashigi su haɗa baki da ma'aikatan kula da kifi na jiha, a bar bakin ƙoramu a buɗe a makonnin farkon damina, a kuma fitar da raga mai ido ƙasa da inci uku daga ruwan.