Ƙwaƙwalwa da Hanci da Harshe: Sharhi a kan Hujjar Fara Koyarwa da Ingilishi a Ƙasar Kazaure da Ɓaɓura

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan hujjoji biyu waɗanda ake kafawa don a nuna cewa yaron Bahaushe zai fi samun ilmi idan aka fara koyar da shi da Ingilishi tun daga aji ɗaya. Hujja ta farko ta jarrabawa ce, ta biyu kuwa ta ƙwaƙwalwa ce. Zan auna su da abin da binciken masana ya tabbatar, sa'an nan in kawo misali da darasi guda, watau darasin ɗanɗano da sansana, kamar yadda na gan shi a lokacin da nake zagayen duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa a makarantun firamare na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Ina roƙon malamaina da ke nan su gyara mini inda na yi kuskure.

2.0 Hujjar Jarrabawa

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tsara cewa a fara koyar da yaro da harshensa na uwa, ko harshen da jama'ar wurin suke amfani da shi, daga baya a koma Ingilishi. Bugun 2004 ya faɗi cewa shekara uku na farko ake nufi. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya, ta bakin Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu, ta faɗaɗa abin zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan tsari da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, yana mai kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

To, amma a nan akwai abin dubawa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai wuce aji huɗu ba a 2025, saboda haka babu yadda za a yi sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya zama shaida a kan tsarin da ya shafe shi. Idan kuwa tsarin 1977 ake nufi, duk wanda ya san ajin ƙauye ya san ba a taɓa aiwatar da shi sosai ba. Littafin lissafi da na kimiyya na Ingilishi ne, abin da ke kan allo Ingilishi ne, jarrabawa da Ingilishi, malami dai yakan fassara da baka idan ya ga yara sun yi zuru. Wannan ba koyarwa da Hausa ba ce, ba kuma koyarwa da Ingilishi ba ce. Maganin da ba a sha ba, ba a ce bai yi aiki ba.

Inda aka sha shi kuwa an ga aikinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970 ya koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara shida, ana koya musu Ingilishi a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin ma. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa an ba su littattafai na musamman da horarrun malamai, don haka ba harshe kaɗai ya yi aikin ba.

3.0 Hujjar Ƙwaƙwalwa

Hujja ta biyu ana jin ta a bakin iyaye da masu makarantun kuɗi da kuma wasu tarurrukan horar da malamai. Cewa ake yi wai kimiyya ta tabbatar ƙwaƙwalwar yaro tana rufewa da wuri, idan bai kama Ingilishi kafin shekara bakwai ba, to, ya makara. Tushen wannan magana littafin Penfield da Roberts ne na 1959 da na Eric Lenneberg na 1967, waɗanda suka kawo ra'ayin cewa akwai wani zango na ƙuruciya da koyon harshe ya fi sauƙi a cikinsa. Lenneberg dai ya fi mayar da hankali ga harshen farko, kuma iyakar da ya sa balaga ce.

Bincike na baya ya rage wa wannan ra'ayi kaifi. Snow da Hoefnagel-Höhle a 1978 sun duba Turawa masu jin Ingilishi da ke koyon harshen Holan, suka tarar matasa sun fi ƙananan yara saurin kamawa a watannin farko. Carmen Muñoz da abokan aikinta a Basalona sun nuna a 2006 cewa idan a aji kawai ake jin baƙon harshe, waɗanda suka fara da ɗan girma sun fi saurin ci gaba a sa'o'in karatu daidai wa daida. A 2018 Hartshorne da Tenenbaum da Pinker sun auna mutum kimanin 670,000 ta intanet, suka ƙiyasta cewa ƙarfin koyon nahawu ba ya fara raguwa sosai sai wajen shekara goma sha bakwai.

Ribar farawa da wuri gaskiya ce, musamman wajen lafazi, amma ga yaron da harshen ya kewaye shi safe da yamma. Yaron Gwiwa ba ya jin Ingilishi a gida, ba ya jin sa a dandali, ba ya jin sa a kasuwa. Ɗauko sakamakon ɗan baƙon da ya tashi a Landan a ɗora wa ɗan Roni kuskure ne na ƙiyasi. Tun 1997 John Bruer ya gargaɗi malamai cewa tsakanin ɗakin binciken ƙwaƙwalwa da ɗakin karatu akwai tazara mai nisa.

4.0 Darasin Ɗanɗano da Sansana

A wata makaranta da ke yammacin Kazaure na zauna a bayan aji uku, ɗalibina yana koyar da gaɓoɓin ji. Ya zana harshe a allo, ya raba shi huɗu, zaƙi a gaba, ɗaci a baya, tsami da gishiri a gefe, ya rubuta sunayensu da Ingilishi, yara suna maimaitawa da ƙarfi. Da ya gama na nemi izini na tambaye su da Hausa: ɗanyar kanya fa, a ina take a cikin huɗun nan? Nan take wata yarinya ta ce, "Malam, ai bauri gare ta." Kafin in rufe baki aji ya ɗauka: gwaza maƙaƙi, gyaɗa soyayya garɗi, ruwan wata rijiya zartsi, barkono yaji. Da muka koma hanci sai ga ƙamshi da wari da ɗoyi da ƙarni da ƙauri da zarni da hamami, kowanne da misalinsa.

Abu biyu ya fito a nan. Na farko, abin da aka zana a allo ba daidai ba ne. Wannan taswira ta samo asali daga aikin wani Bajamushe, Hänig, na 1901, wanda Edwin Boring ya sake zanawa a 1942 ta hanyar da ta jawo mummunar fahimta, kuma Virginia Collings ta nuna a 1974 cewa kowane sashe na harshe mai ɗanɗano yana jin dukkansu, bambancin kaɗan ne. Daɗin daɗawa, ɗanɗano na asali biyar ne, domin Kikunae Ikeda na Japan ya gano na biyar a 1908, wanda sinadarin gulutamet ke kawowa, shi ne kuwa abin da daddawa ke sa wa miya. Yaran da ke haddace kalmomin da ba su fahimta ba, ba su da hanyar da za su yi wa allo gardama. Da harshensu kuwa sun yi, a cikin minti biyu.

Na biyu, bambance-bambancen da yaran suka kawo kimiyya ta san da su. Bauri ba ɗanɗano ba ne tsantsa, wani ji ne na bushewa da takurewar baki da sinadarin tanin ke haddasawa idan ya haɗu da miyau. Yaji kuwa jijiyar jin zafi da raɗaɗi ce ke ɗaukarsa, kamar yadda David Julius ya nuna a 1997, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2021. Game da hanci, Linda Buck da Richard Axel sun gano a 1991 dangin ƙwayoyin gado masu gina makarɓan wari, waɗanda ɗan Adam ke da kimanin iri 400 masu aiki. Wannan ne ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa lami, alhali harshensa lafiya lau.

An daɗe ana cewa ɗan Adam ba ya iya sa wa wari suna, wai haka ƙwaƙwalwa take. A 2014 Asifa Majid da Niclas Burenhult suka gwada mutanen Jahai na Malesiya, masu kalmomin wari wajen goma sha biyu, suka tarar suna sa wa wari suna da sauƙi kamar yadda suke yi wa launi, masu Ingilishi kuwa suna ta lalube. Ashe abin da aka jingina wa ƙwaƙwalwa, wani ɓangarensa halin harshen masu binciken ne. Hausa tana da nata arzikin a nan, kuma tun 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa sunaye irin su zaƙi da ɗaci da tsami da wari aji ne guda a nahawu, mai sigarsa da hanyar tsirar kalmominsa, kamar zazzaƙa daga zaƙi.

5.0 Rauni a Ɓangarenmu

Ba zan yi abin da nake zargi ba, in ce ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci Hausa ta fi. Aji ɗaya da na gani misali ne, ba bincike ba ne. Bugu da ƙari, a rugagen Roni da Gwiwa akwai yaran da Fulatanci ne harshensu na uwa, kuma gare su Hausa ma harshe na biyu ce, ko da yake suna jin ta a kasuwa. Har wa yau ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 na nazarin harshe da adabi ne, kuma ban taɓa tarar da littafin kimiyya na Hausa a hannun malami ba a makarantun da na zaga. Mu ma a kwalejojin ilmi da Ingilishi muke horar da malamin kimiyya, sa'an nan mu yi mamaki idan ya kasa bayani da Hausa. Damuwar iyaye kuma ta gaskiya ce, domin da Ingilishi ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aiki.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa hujjar jarrabawa ba ta auna abin da ake cewa ta auna ba, hujjar ƙwaƙwalwa kuma an ja ta fiye da inda masu ita suka tsaya. Ina ba da shawara uku. Ta farko, masana Hausa da malaman kimiyya su haɗu su tattara kalmomin ɗanɗano da wari daga bakin mata masu daddawa da mahauta da majema, a gwada su da irin ma'aunin da aka yi wa Jahai. Ta biyu, a yi gwaji mai tsari a ƙananan hukumomin nan huɗu, aji da Hausa, aji da Ingilishi, littattafai da horo iri ɗaya, a bi yaran har aji shida, a sa 'ya'yan Fulani a lissafi. Ta uku, a koyar da Ingilishi da kyau a matsayin darasi tun daga aji ɗaya. Kafin nan, ina roƙon duk malamin da ke cikin wannan zaure ya goge taswirar harshe daga allonsa, ya kawo kanya da daddawa da barkono aji, ya tambayi yara.