Jinjina ga Ma'aikatan Jiragen Yawon Kaka

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa kan tashi daga Boston ko New York, su yada zango a Halifax, su shiga kogin Saint Lawrence har Quebec. Fasinja ya biya kuɗinsa ne don ya ga ganyayen itatuwa sun rine, ja da ruwan ɗorawa. Ni kuwa masu gyaran ɗaki da masu girki ne ke burge ni, da yawansu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya.

Kwantiraginsu kan kai wata 6 zuwa 9, ba Asabar ba Lahadi. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta tanadar musu hutun aƙalla awa 10 cikin 24, sauran kuwa zirga-zirga ce. Ga shi lokacin guguwar Atlantika ne, wanda ba ya ƙarewa sai 30 ga Nuwamba. Idan igiyar ruwa ta taso, sai ka ga mai raba abinci ya ware ƙafafu, tire a kafaɗa, miyar ko ɗiga ba ta yi ba. Kyaftin ya sauya hanya da tsakar dare, fasinja na minshari. Da asuba an riga an rataye ledojin amai a jikin matakala, burodi kuma ya fito da zafinsa. Sannunku da aiki!