"Mata Ya Zo": Tarke a Kan Hausar Agege a Bakin Taurarin Labari

Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi wata matsala da ke fuskantar ɗalibi mai ƙaga labari, wato yadda zai sanya magana a bakin tauraron da aka haifa a kurmi. An ɗauki Agege ta Legas a matsayin misali, domin Hausawa sun daɗe a Zangon garin da fataucin goro da shanu, musamman tun da layin dogo ya isa Kano a 1911.

Jituwar Jinsi

A Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, dole aikau da wakilinsa su jitu ta fuskar jinsi da adadi, kamar yadda M.K.M. Galadanci ya bayyana a littafinsa na nahawu na 1976. Ana cewa "yaro ya zo", "yarinya ta zo", "yara sun zo". Amma a bakin wasu haifaffun Agege da abokan cinikinsu, akan ji "mata ya zo" ko "motan ya lalace". Dalili a fili yake. Yarabanci bai bambance namiji da tamata a wakilin suna, haka ma Turancin Buroka, kuma da su yaro ke wuni a kasuwa da makaranta.

Abin lura shi ne wannan sauyi yana da ƙa'ida. Siffar namiji ce ke haɗiye ta tamata, wato "ya" ta maye gurbin "ta", mahaɗin "-n" ya maye gurbin "-r". Adadi kuwa yakan tsira, shi ya sa "sun zo" ke nan daram. Kuma ba a Legas aka fara ba: a Zazzau da Bauchi akan ji "rigan Audu", a zangunan Gana kuwa bambancin ya kusa shafewa.

Kurakuran Marubuta

Kuskure na farko shi ne gyara. Marubuci ya ɗauko matashin da kakansa ne ya baro Arewa, ya sa shi yana zuba Hausar cikin ganuwar Kano. Nahawu ya tsira, amma tauraro ya mutu, domin mai karatu ba zai ji ƙamshin wurin ba.

Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne ba'a. A nan marubuci kan yamutsa jinsi yadda ya ga dama, har ya rubuta "yaro ta zo", alhali ba can sauyin ya nufa ba. Wannan ya nuna bai saurari mutanen ba, dariya kawai yake nema. Illar ba ƙarama ba ce: ɗalibin da ya taso a Agege, ya zo jami'a nazarin harshen iyayensa, sai ya tarar an mai da bakinsa abin raha, kamar shi ba Bahaushe ba ne.

Akwai abin koyi. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana Barikanci a wasan Samanja Mazan Fama, jama'a na dariya amma suna ƙaunar Samanja, saboda harshen ya dace da sojan. Haka Ken Saro-Wiwa ya rubuta Sozaboy a 1985 da karyayyen Turanci, ya isar da zafin yaƙin basasa. Sun san ƙa'idar da suka karya, sun kuma riƙe wadda suka ɗauka har ƙarshe.

Kammalawa

Bisa ga haka, shawarar ita ce muryar mai ba da labari ta tsaya kan Daidaitacciyar Hausa, amma a bar wa tauraro bakinsa, muddin an kiyaye tsarinsa daga farko zuwa ƙarshe. Kafin marubuci ya ɗauki alƙalami, ya fara zama a rumfar 'yan goro ya kasa kunne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, aikin marubuci kuwa shi ne ya ji kukan sosai kafin ya kwaikwaya.