Mai Gyara Manhajar da Wani Ya Rubuta

A 2014 aka kafa kamfanin Andela a Legas da wani tsari da ya ba mutane mamaki: a ɗauki matashi, a koya masa rubuta manhaja, a kuma riƙa biyansa albashi tun yana koyo. Bayan 'yan watanni sai a haɗa shi da kamfani a Amurka, ya yi musu aiki yana zaune a Legas, bisa yarjejeniyar shekara huɗu. Cikin masu nema, waɗanda ake ɗauka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan ta jagoranci zuba dala miliyan 24 a Andela.

Abin da ya fi burge ni a wannan horo shi ne karatun manhajar da wani ya rubuta. Koyon yaren manhaja irin su Python ko JavaScript ba shi ne wahalar ba. Yaro mai ƙwazo zai iya tsintarsa a YouTube. Amma ranar da aka tura shi aiki, ba a ba shi shafi fari. Manhaja ce za a damƙa masa mai layuka dubbai, wadda mutane da yawa suka rubuta, wasunsu sun daɗe da barin kamfanin, a ce masa wani wuri yana ba da matsala. Kamar makanike ne da aka kawo wa motar da hannu goma suka taɓa wayoyinta.

Gwani ba ya gaggawar taɓa komai. Da farko zai sa matsalar ta sake faruwa a gabansa, don ya tabbatar da ita yake faɗa. Sai ya bi sawu, yana rage wuraren da yake zargi har ya tsaya kan layi ɗaya. Kafin ya gyara, zai rubuta ɗan gwaji wanda zai faɗi muddin matsalar tana nan. Ya gyara, gwajin ya wuce, sannan ya miƙa aikin ta shafin GitHub ga wani babba ya duba. A nan ake gane mai haƙuri, domin za a iya dawo masa da layi uku sau biyar, kuma cikin raha ake so ya amsa. Sau da yawa gyaran wuni guda bai wuce harafi ɗaya ba.

Ga kuma tazarar lokaci: Legas tana gaban New York da awa biyar ko shida, don haka dole bayanin da ya bari a rubuce ya wadatar da abokin aikinsa na can wanda zai ci gaba da aiki bayan shi ya tashi.

A Satumban 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda. Dalilin da ta bayar shi ne, kamfanonin da take hulɗa da su ƙwararru suke nema, waɗanda suka riga suka goge a irin wannan aiki.