Gobe da Jibi

Da damina ta kankama, masara ta fara kai gwiwa a gonakin Mainika, za ka ga masu rabon magani bibbiyu suna bin gida-gida, kamar yadda ake yi a Getso da Lakwaya da Kutama, har zuwa ƙauyukan Kabo. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ne na yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bayarwa a yankin Sahel tun 2012. Ranar farko yaro zai sha ƙwaya biyu a gaban masu rabo, ɗaya irin Fansidar ɗin da aka sani, ɗaya kuma amodiyakwin. Sai a bar wa uwa sauran biyu, ta ba shi ɗaya gobe, ɗaya jibi. Bayan kwana 28 a sake dawowa, haka har ruwa ya ɗauke. Gwajin da aka yi ya nuna in an sha yadda ya kamata, zazzaɓin yakan ragu da kusan kashi uku cikin huɗu.

Ranar farko ba ta da wuya, ga baƙi a tsaye, ga maƙwabta suna kallo. Wuyar tana gobe da jibi, lokacin da ba kowa sai uwa da ɗanta da tulin aikin damina. A nan nake jinjina wa dattawan matan unguwa da aka ɗora wa aikin bibiya. Yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba, amma sun laƙanci abin da ke sa ɗabi'a ta zauna a gida ko ta bi ruwa.

Dubi yadda gwana a cikinsu take yi. Ta yi sallama, ta zauna bakin tabarma, ta tambayi gida da ruwa. Ba za ta ce "kin ba shi?" ba, don ta san kunya za ta sa a amsa mata da "e". Sai ta ce, "'Yar nan, ɗauko min ƙwayar in gani, a ina kike ajiye ta?" Uwar ta zaro ta daga ƙasan adaka, ƙarƙashin kayan Salla. "Haba, ai nan ko ni sai na manta. Da wane lokaci kike dama masa koko?" "Da an idar da asuba, Inna." "To sa ta cikin kwanon da kike ajiye cokalinsa, ki ɗora can sama inda hannun yara ba zai kai ba. Ya sha kokonsa, ki jiƙa ƙwayar da ɗan ruwa ki ba shi." Shi ke nan. Ba ta nemi matar ta dage ko ta yi alkawari ba. Ta rataye sabon abu ne a jikin wanda ya riga ya kafu, domin mai cewa "zan tuna" takan manta, amma ba uwar da ke manta kokon ɗanta.

Ta kuma san inda ake yawan tuntuɓe. Wata ta ga yaro yana wasansa garau, sai ta adana ƙwayar "saboda ranar ciwo", alhali amfaninta a sha kafin ciwon ya zo. Yaron da jikinsa ya riga ya yi zafi ma ba a ba shi, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Wata kuma tausayi ne zai sa ta raba wa wan yaronta ɗan shekara bakwai, ƙarshe ba wanda ya samu cikakkiyar kariya, ga shi ko tsakanin jariri da mai shekara uku ƙarfin ƙwayar ba ɗaya ba ne. Amai ɗaya kuwa ya isa ya sa gida guda su juya wa maganin baya, sai in akwai wadda za ta zo washegari ta duba yaron, ta kwantar da hankali.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take yi da wadda ta kuskure. Uwar da wata guda ya wuce ta, saboda biki ko tafiya, takan ɗauka ta riga ta ɓata, sai ta saki gaba ɗaya. Haka manya ke yi da maganin hawan jini: a yi fashin kwana biyu, a ji ba ciwon kai, a jefa shi aljihu. Gwanar ba ta faɗa. Cewa take, "Na wancan watan ya wuce, na wannan muke magana."

Kuma ba ta fita sai ta leƙa ɗakin tsohuwa, don ta san in suruka ta ce a'a, magana ta ƙare. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, amanar jikanki na kawo miki, jibi ke za ki tsaya a kai." A zaure kuma ta shaida wa maigida ranar da masu rabo za su dawo, don kada a kwashi yaran a tafi gona da sassafe. Sannan ta gyara mayafinta ta nufi gida na gaba.